Yadda Ake Lissafin Harajin Kuɗin Hayar Gida a Amurka

A kowace shekara, kafin ranar 15 ga watan Afrilu ta wuce, miliyoyin mazauna Amurka ne ke aika wa hukumar tara haraji ta ƙasar, wato IRS, bayanin dukkan abin da suka samu a shekarar da ta gabata. Ga ma'aikaci mai karɓar albashi aikin bai cika wahala ba, domin kuwa tun daga wurin aiki ake yanke masa harajin kafin albashin ya shiga hannunsa. Amma wanda ya ba da gida haya babu mai yanke masa komai. Shi ne zai faɗi abin da ya karɓa, shi ne zai lissafa abin da ya kashe, kuma shi ne zai amsa tambaya idan hukuma ta ga lissafin bai kwanta mata ba.

Dokar dai ba sabuwa ba ce. Tun a shekara ta 1913 ne aka yi wa kundin tsarin mulkin ƙasar gyara na 16, wanda ya bai wa majalisar dokoki ta tarayya ikon ɗora haraji a kan kuɗin shiga, ko daga ina ya fito. Sashe na 61 na dokar harajin da ake aiki da ita a yanzu ya ambaci kuɗin haya da sunansa a cikin jerin abubuwan da ake ɗauka a matsayin kuɗin shiga.

Sai dai ba a kan jimlar hayar ake biyan haraji ba, a kan ribar da ta saura ne bayan an cire abin da aka kashe wa gidan. Ana yin wannan lissafi ne a wata takarda da ake kira jadawalin E, wadda ake haɗawa da babban fom mai lamba 1040. Ribar da ta fito sai a tara ta da albashi da sauran kuɗin shigar mutum, a yi masa haraji a kai baki ɗaya, bisa matakan da suka tashi daga kashi 10 zuwa kashi 37 cikin 100. Akasarin jihohi ma suna karɓar nasu harajin a kan gidan da ke cikin iyakarsu, ko da mai gidan a wata jihar yake zaune, ko da yake wasu ƙalilan, kamar Texas da Florida, ba sa karɓar harajin kuɗin shiga daga hannun ɗaiɗaikun mutane.

Abin da doka ke kira kuɗin haya

A wurin hukumar IRS kuɗin haya ya wuce abin da ɗan haya ke biya a farkon kowane wata. Ƙa'ida ta farko ita ce ana lissafa kuɗi ne a shekarar da ya shigo hannu, ba a shekarar da aka biya shi dominta ba. Idan ɗan haya ya biya kuɗin shekaru biyu a dunƙule a watan Disamba, to dukkansa kuɗin shigar wannan shekarar ne, ba a raba shi gida biyu. A Amurka, inda aka saba biyan haya wata-wata, wannan ba ya damun mutane da yawa. Amma kamar yadda za a gani a gaba, ƙa'idar tana da nauyi a kan wanda gidansa ke ƙasar da ake karɓar kuɗin shekara a gaba.

Kuɗin ajiya da ake karɓa daga ɗan haya saboda ɓarnar da ka iya faruwa ba kuɗin shiga ba ne, muddin da niyyar mayar masa aka karɓa. Amana ce. Ranar da mai gida ya riƙe wani abu daga ciki saboda ɗan haya ya saɓa yarjejeniya, a ranar ce abin da aka riƙe ya zama kuɗin shiga. Idan kuwa tun farko an rubuta cewa kuɗin zai zama hayar watan ƙarshe, to ba ajiya ba ne, haya ce da aka biya a gaba.

Haka kuma, idan ɗan haya ya biya wani abu domin a sallame shi kafin wa'adinsa ya cika, wannan haya ce. Idan ɗan hayar kafinta ne, ya gyara ƙofofin gidan a madadin hayar wata guda, to mai gida zai rubuta kuɗin wannan watan kamar an ba shi a hannu, sannan ya cire shi a ɓangaren gyara. Hayar da ɗan haya ya gudu bai biya ba kuwa, ba a cire ta a matsayin asara, domin tun farko ba a lissafa ta cikin abin da aka samu ba.

Abubuwan da ake cirewa

Doka ta yarda a cire duk wani kashe kuɗi da aka saba da shi kuma ya zama dole wajen tafiyar da gidan haya. Wannan ya haɗa da harajin gida da ƙananan hukumomi ke karɓa, da kuɗin inshora, da ladan dillali ko kamfanin da ke kula da gidan, da kuɗin talla, da na lauya da akanta, da na wuta da ruwan famfo idan mai gida ne ke biya, har ma da kuɗin zirga-zirga zuwa duba gidan. Iyakar da aka sa a shekara ta 2017 a kan harajin jiha da na ƙaramar hukuma da mutum zai iya cirewa, wadda ta fara daga dala dubu 10 kafin a ɗaga ta zuwa dala dubu 40 a shekara ta 2025, ba ta shafi harajin gidan haya ba.

Ga wanda ya sayi gidan da bashin banki, kuɗin ruwan da ya biya a shekara ana cire shi, amma uwar kuɗin ba a cire ta. Mutane da yawa na rikicewa a nan, saboda a dunƙule suke biyan banki a kowane wata. A farkon kowace shekara bankin kan aiko da takarda mai lamba 1098, wadda ke nuna ruwan da aka biya.

Akwai masu ɗaukar wannan rangwame a matsayin dalilin cin bashi, kuma lissafin bai goyi bayansu ba. Mutumin da ke kan matakin kashi 22 cikin 100, idan ya biya ruwan dala dubu 8, harajinsa zai ragu ne da dala 1,760 kacal, sauran kuɗin kuwa sun tafi banki ba za su dawo ba. Saboda haka wanda ya sayi gidansa da kuɗi hannu, ko don gudun kuɗin ruwa ko don wani dalili, zai biya haraji fiye da maƙwabcinsa mai bashi, amma kuma abin da zai rage masa a aljihu ya fi yawa.

Abu guda da ba a cirewa shi ne gumin mai gida. Idan shi da kansa ya yi fenti, kuɗin fenti da buroshi kawai zai rubuta.

Gardama mafi yawa tsakanin masu gidaje da hukuma a kan bambancin gyara da ƙari take. Gyara shi ne abin da ke mayar da gida yadda yake, kamar toshe inda rufi ke yoyo, ko sauya gilashin tagar da ya fashe, kuma ana cire kuɗinsa baki ɗaya a shekarar da aka kashe shi. Ƙari kuwa shi ne abin da ya inganta gidan, ko ya sabunta wani babban sashe nasa, ko ya sauya masa amfani, kamar sabon rufi gaba ɗaya ko ƙarin ɗaki. Wannan ba a cire shi a lokaci guda, sai a rarraba shi a kan shekaru. Domin rage taƙaddama a kan ƙananan abubuwa, tun daga shekara ta 2016 hukumar ta yarda mai gida ya zaɓi cire kuɗin duk wani kaya da bai wuce dala 2,500 ba nan take, idan ya bayyana wannan zaɓi a takardunsa na shekarar.

Rangwamen tsufan gini

Mafi girman abin da akasarin masu gidajen haya ke cirewa ba kuɗi ba ne da suka fitar daga aljihu a wannan shekarar. Doka tana ɗauka cewa gini yana tsufa, yana lalacewa a hankali, don haka ta bai wa mai shi damar cire wani yanki na kuɗin da ya saye shi a kowace shekara, har sai ya cire dukkansa. Ga gidan zama da aka bayar haya, wa'adin shi ne shekaru 27 da rabi, ana cire adadi ɗaya a kowace shekara. Ga shaguna da ofisoshi shekaru 39 ne. Kayan cikin gida irin su firiji da kafet da kujeru shekaru 5 ne. Filin da gidan ke kai kuwa ba a yi masa wannan rangwame, domin ƙasa ba ta tsufa.

Alal misali, a ce mutum ya sayi gida a kan dala dubu 330, kuma darajar filin ta kai dala dubu 55. Abin da ya rage, dala dubu 275, shi ne kuɗin ginin. Idan aka raba shi gida 27 da rabi, za a samu dala dubu 10 a kowace cikakkiyar shekara. A ce kuma yana karɓar hayar dala dubu 2 a wata, wato dala dubu 24 a shekara. Ya biya ruwan banki dala dubu 8, harajin gida dala 3,600, inshora dala 1,400, gyare-gyare dala 1,500, sannan mai kula da gida ya karɓi dala dubu 2. Jimlar abin da ya kashe ta kama dala 16,500, ya rage masa dala 7,500. Amma da zarar an cire dala dubu 10 na tsufan gini, sai takarda ta nuna cewa ya yi asarar dala 2,500. Wato gidan ya kawo masa kuɗi, ƙila ma darajarsa a kasuwa ta ƙaru, amma a idon doka faɗuwa ya yi, kuma babu harajin da zai biya a kan hayar.

Wannan adadi na shekaru 27 da rabi yana da tarihi. A shekara ta 1981, a farkon mulkin shugaba Ronald Reagan, majalisa ta rage wa'adin tsufan gine-gine zuwa shekaru 15 domin ƙarfafa zuba jari. Bango ya tsage, ƙadangare ya samu wurin shiga. Likitoci da lauyoyi da sauran masu babban albashi, waɗanda a lokacin harajinsu kan kai kashi 50 cikin 100, suka riƙa zuba kuɗi a gine-ginen da ba su taɓa gani ba, ba don neman riba ba, sai don su samu asarar takarda da za su rage harajin albashinsu da ita. Majalisa ta ƙara wa'adin zuwa shekaru 18 a 1984, sannan 19 a 1985, amma abin bai tsaya ba. Daga ƙarshe babbar dokar garambawul ga haraji, wadda Mista Reagan ɗin ya sa wa hannu a watan Oktoba na shekara ta 1986, ita ce ta kawo wa'adin da ake amfani da shi har yau, ta kuma toshe hanyar da ake bi.

Yadda ta toshe ta shi ne, ta ware kuɗin haya a matsayin kuɗin da ke shigowa mutum na zaune, ta ce asarar da aka yi a irin wannan harka ba za a rage albashi da ita ba, sai dai a rage ribar wata harka irinta. Amma an bar wa ƙananan masu gidaje ƙofa. Wanda ya mallaki aƙalla kashi 10 cikin 100 na gida, kuma yana da hannu a tafiyar da shi, kamar zaɓen 'yan haya da yanke kuɗin haya da amincewa da gyara, zai iya rage albashinsa da asarar da ta kai dala dubu 25 a shekara. Wannan dama tana fara raguwa idan kuɗin shigar mutum ya wuce dala dubu 100, tana kuma ƙarewa baki ɗaya a dala dubu 150. Abin lura shi ne tun 1986 ba a taɓa ɗaga waɗannan adadi ba. A wancan lokaci mai samun dala dubu 100 attajiri ne, a yau kuwa miji da mata masu matsakaicin aiki kan haura wannan iyaka ba tare da sun ankara ba.

Asarar da aka hana mutum cirewa ba ta ɓata. Ana ajiye masa ita zuwa shekarar da gidan ya yi riba, ko kuma shekarar da ya sayar da shi. Waɗanda harkar gidaje ita ce sana'arsu, suna kashe mata fiye da sa'o'i 750 a shekara da fiye da rabin lokacin aikinsu, wata doka ta 1993 ta ba su hanyar fita daga wannan takunkumi. Bugu da ƙari, dokar 2017 ta kawo rangwamen kashi 20 cikin 100 a kan ribar kasuwanci, wanda aka mayar na dindindin a 2025, kuma yakan shafi gidan haya idan harkar ta kai a kira ta kasuwanci.

Ranar da aka sayar da gidan

A nan ne gizo ke saƙar. Rangwamen tsufan gini ba kyauta ba ne, jinkiri ne. Duk dalar da aka cire tana rage adadin da doka ke ɗauka a matsayin kuɗin sayen gidan, don haka tana ƙara ribar da za a yi wa haraji ranar sayarwa.

A koma ga misalin da aka kawo. Bayan shekaru 10, mai gidan ya cire dala dubu 100. A takarda, gidan da ya saya dala dubu 330 ya koma dala dubu 230. Idan ya sayar da shi a kan dala dubu 400, shi a ransa ribar dala dubu 70 ya ci, amma a lissafin hukuma ribarsa dala dubu 170 ce. Dala dubu 70 ɗin za a yi mata haraji mai sauƙi na ribar kadarar da aka daɗe da riƙewa, wanda yake sifiri ko kashi 15 ko kashi 20 cikin 100 gwargwadon ƙarfin mutum. Dala dubu 100 da aka cire a baya kuwa, harajinta na iya kaiwa kashi 25 cikin 100, wato har dala dubu 25. Masu babban kuɗin shiga, wanda ya wuce dala dubu 200 ga mutum guda ko dubu 250 ga ma'aurata, ana ƙara musu wani harajin na kashi 3.8 cikin 100 da ya fara aiki a shekara ta 2013.

Wani zai ce, to ai sai in ƙi cire rangwamen tun farko, in huta. Doka ta riga ta hango wannan dabara. Lafazinta ya haɗa abin da aka cire da abin da ya halatta a cire, ma'ana ko mutum ya karɓi rangwamen ko bai karɓa ba, ranar sayarwa za a yi masa lissafi kamar ya karɓa. Wanda ya yi shekaru yana cike takardunsa da kansa bai san da wannan rangwame ba, ya yi biyu babu ke nan: ya biya harajin da bai kamata ya biya ba a kowace shekara, sannan a ƙarshe a caje shi kuɗin rangwamen da bai ci moriyarsa ba. Akwai hanyar gyara ta fom mai lamba 3115, wadda ke ba shi damar cire abin da ya wuce shi a shekara guda, amma aiki ne da ya fi dacewa a kai wa ƙwararren akanta, kuma gara a yi shi tun kafin a sayar da gidan.

Hanyoyi biyu ne aka fi sani na kauce wa wannan haraji. Ta farko ita ce musayar gida da gida a ƙarƙashin sashe na 1031, inda mai sayarwa ke da kwanaki 45 ya nuna kadarar da zai saya, da kwanaki 180 ya kammala cinikin, kuɗin kuma ba sa biyowa ta hannunsa. Wannan ma jinkiri ne. Ta biyu ita ce mutuwa: idan gida ya koma hannun magada, ana fara musu lissafi daga darajarsa a ranar rasuwa, tsohon harajin ya faɗi. Masu sukar tsarin sun daɗe suna cewa haɗuwar waɗannan ƙa'idoji biyu ta bai wa iyalai masu hali damar juya gidaje tsawon rayuwa ba tare da biyan harajin riba ba, kuma maganar tasu na da ƙamshin gaskiya.

Gidan da mai shi ke shiga

Da yawa daga cikin masu ba da haya ba 'yan kasuwa ba ne, mutane ne da aiki ya mayar da su wani gari, suka sa ɗan haya a gidan da suke zaune a da. Ga irin waɗannan, ana fara lissafin tsufan gini ne daga wanda ya fi ƙanƙanta tsakanin kuɗin da suka kashe a kan gidan da darajarsa a ranar da ya koma na haya. Sannan akwai agogon da ke juyawa. Wata doka ta 1997 ta yafe haraji a kan ribar sayar da gidan zama har dala dubu 250 ga mutum guda, ko dubu 500 ga ma'aurata, da sharaɗin sun mallake shi kuma sun zauna a cikinsa shekaru 2 daga cikin shekaru 5 da suka gabaci sayarwa. Wanda ya bar gidansa a hannun 'yan haya fiye da shekaru 3 bayan tashinsa, wannan yafiya ta kuɓuce masa. Ko da ya sayar a kan lokaci, yafiyar ba ta rufe rangwamen tsufan da ya cire ba.

Idan mutum na ba da gida haya kuma yana zama a ciki wani lokaci, dole ya raba abin da ya kashe gwargwadon kwanaki. Idan zamansa ya wuce kwanaki 14, ko kashi 10 cikin 100 na kwanakin da aka yi haya, duk wanda ya fi yawa, to gidan ya zama gidan zama a idon doka, kuma ba zai cire abin da ya wuce hayar da ya karɓa ba.

Wannan ƙa'ida tana kama masu zumunci. Kwanakin da ɗan'uwa na jini ya yi a gidan, kamar uba ko ɗa ko ƙane, ana lissafa su kamar mai gidan ne ya zauna, sai fa idan nan ne mazauninsa na ainihi kuma yana biyan haya daidai da farashin kasuwa. Mutumin da ya bar wa ƙanensa gidan da hayarsa ta kai dala dubu 2 a kan dala 800 saboda zumunci, zai bayyana dala 800 ɗin a matsayin kuɗin shiga, amma ba zai nuna asara ya rage albashinsa da ita ba.

A ɗaya gefen kuma, wanda ya ba da gidan zamansa haya na ƙasa da kwanaki 15 a shekara, ba ya bayyana kuɗin ko kaɗan, komai yawansu. Ƙa'idar ta samo asali ne daga dokar 1976, kuma an fi saninta da sunan birnin Augusta na jihar Georgia, inda mazauna kan bar wa baƙi gidajensu da tsada a makon gasar ƙwallon golf ta Masters a kowane watan Afrilu.

Gida a Abuja, mai gida a Amurka

Amurka na daga cikin ƙasashe ƙalilan da ke bin 'yan ƙasarsu da haraji a duk inda suke a duniya. Kotun ƙolin ƙasar ta tabbatar da haka tun a shekara ta 1924, a shari'ar Cook da Tait, wadda wani Ba'amurke mazaunin Meziko ya shigar yana ƙalubalantar harajin da aka ɗora masa a kan kuɗin da yake samu daga kadarorinsa na can. Dokar ta kuma shafi masu katin izinin zama na dindindin, da ma baƙon da ya daɗe a ƙasar har ya cika adadin kwanakin da doka ta ƙayyade.

Ma'anar wannan ita ce, likita ko direban tasi ɗan asalin Najeriya ko Nijar ko Ghana da ke da katin zama a Amurka, idan ya gina gida a Abuja ko Yamai ko Kumasi ya sa 'yan haya, wajibi ne ya bayyana wannan haya a jadawalin E, ko da kuɗin ba su taɓa barin ƙasar ba, ko da kuwa mahaifiyarsa ce ke karɓa tana cefane da su. Zai mayar da kuɗin zuwa dala bisa farashin canji. Idan kuɗin shekaru biyu aka biya shi a dunƙule, kamar yadda ake yi a wasu biranen Najeriya, dukkansu na shekarar da aka karɓa ne. Zai cire abin da ya kashe kamar kowa, amma wa'adin tsufan ginin da ke ƙasar waje shekaru 30 ne idan an fara ba da shi haya bayan 2017, ko 40 idan kafin nan ne.

Babu yarjejeniyar kauce wa haraji biyu tsakanin Amurka da Najeriya. Duk da haka, harajin kuɗin shiga da mutum ya biya a Najeriya a kan wannan haya, ciki har da kashi 10 cikin 100 da kamfanoni ke yankewa idan su ne 'yan hayar, ana iya rage shi daga abin da Amurka ke binsa ta hanyar fom mai lamba 1116, idan yana da rasit. Haka nan, idan jimlar kuɗin da ke asusunsa na bankunan waje ta wuce dala dubu 10 ko da na rana guda ne a shekara, sai ya kai rahoto na dabam ga ma'aikatar kuɗi, kuma tarar rashin yin haka tana da tsanani.

Ba baƙi kaɗai wannan ƙa'ida ta taɓa kamawa ba. A shekara ta 2008, Charles Rangel, ɗan majalisar wakilai daga unguwar Harlem ta birnin New York, wanda a lokacin shi ne shugaban kwamitin da ke rubuta dokokin haraji, ya amsa cewa bai bayyana kimanin dala dubu 75 na hayar wani gidansa da ke Punta Cana a Jamhuriyar Dominikan ba. Wannan na cikin laifuffukan da suka sa majalisar ta tsawatar masa a hukumance ranar 2 ga watan Disamba na 2010, da ƙuri'u 333 a kan 79.

Ga wanda ke zaune a Afirka amma ya sayi gida a Amurka, lissafin dabam ne. Idan bai yi wani zaɓi ba, doka ta ce a yanke kashi 30 cikin 100 na jimlar hayar tun daga tushe, ba tare da cire ko sisi na abin da ya kashe ba. Amma yana da damar neman lambar biyan haraji, ya miƙa wa mai kula da gidan fom ɗin W-8ECI, ya riƙa cike fom ɗin 1040-NR a kowace shekara, a yi masa haraji a kan riba kaɗai. Ranar da ya sayar kuma, wata doka ta 1980 ta wajabta wa mai saye ya riƙe wa hukuma wani kaso na farashin, wanda a mafi yawan lokuta kashi 15 cikin 100 ne tun daga 2016, sai daga baya a daidaita lissafi.

Wa'adi da tara

Tun da babu mai yanke wa mai gida haraji, wanda ke sa ran za a bi shi dala dubu 1 ko fiye a ƙarshen shekara ana buƙatar ya riƙa biya kashi-kashi, a tsakiyar watannin Afrilu da Yuni da Satumba da Janairu, ko kuma ya nemi a ƙara abin da ake yanke masa daga albashi. Ana iya neman a ɗage ranar miƙa takardu zuwa 15 ga Oktoba, amma ba a ɗage ranar biya. Tarar jinkirin miƙa takardu kashi 5 cikin 100 ce na harajin da ake bi a kowane wata, har zuwa kashi 25, yayin da ta jinkirin biya rabin kashi ɗaya ce a wata. Wato wanda ba shi da kuɗin biya, gara ya miƙa takardun tukuna.

A ƙa'ida hukumar na da shekaru 3 ta binciki takardun mutum. Wa'adin kan koma shekaru 6 idan abin da ya ɓoye ya haura kashi 25 cikin 100 na kuɗin shigar da ya bayyana, kuma babu wa'adi ko kaɗan idan zamba ce ko kuma bai miƙa takardu ba. Sai dai ga mai gidan haya, takardun sayen gidan da rasit-rasit na duk wani ƙari da aka yi masa ba a zubar da su bayan shekaru 3, domin da su ne za a yi lissafin ranar sayarwa, ko da bayan shekaru 30 ne. Cikakken bayanin waɗannan ƙa'idoji na cikin littafin jagora mai lamba 527, wanda hukumar ke sabuntawa a kowace shekara tana kuma sa shi kyauta a shafinta na intanet.